Kafin Ka Raɗa wa Iri Suna

Ranar wata Talata, hunturun bana yana shirin tafiya, ɗan ƙanwata ya iske ni a bakin kanal riƙe da ledar fiya-wata da ya yanke wa baki. Ya buɗe mini ita a hankali, kamar mai nuna jariri. Tsiron shinkafa ne guda biyar, farare sol, babu ko ɗigon kore a jikinsu. A bedinsa ya gan su, a tsakiyar dubban 'yan'uwansu korra shar. Ya ce, "Kawu, na gani a waya akwai wani fure a ƙasashen waje, in ya fito zabiya kuɗinsa ninkawa yake yi. To ga tawa shinkafar ta fito zabiya. Wane suna kake ganin zan sa mata?"

Na ce masa ya koma ya kafa tsinke kusa da waɗanda suka rage a bedin, ya ba su kwana goma, in ya so sai mu zauna maganar suna. Kwana goman ba su cika ba suka yanƙwane, suka bushe a tsaye.

Wallahi daɗi na ji da yaron ya zo mini da wannan magana. Samari nawa ne ke shiga fangali kullum tsakanin Bunkure da Kura da Garun Malam, ƙafa na cikin taɓo amma ido na kan waya ko kan farashin buhu? Kaɗan ne suke sunkuyawa su lura cewa wannan tsiron ya bambanta da na kusa da shi. Duk wani iri mai suna da kuke shukawa yau, wani ne ya fara sunkuyawa ya gan shi. Yaron yana da idon. Abin da ya rage masa shi ne ya san abin da ya gani, kuma ya iya jira. Don shi nake wannan rubutu, da ku ƙannena da 'ya'yana, maza da mata, da kuka taso kuka tarar da ruwan Tiga yana gudu ta bayan gidajenku.

Ga abin da ya kashe tsiron nan. Koren da ke jikin ganye shi ne murhun shuka. Da shi take haɗa hasken rana da ruwa da iska ta dafa abincinta. Tsiron da ya fito fari fat ba shi da wannan sinadari, don haka guzurin da ke cikin ƙwayar kawai yake ci. Ranar da guzuri ya ƙare, cikin mako biyu ko uku, sai ya kwanta, ko da ka juye masa buhun yuriya. Kuma gado ne. Shukar da ta haifi ƙwayar koriya ce lafiya lau, abin yana ɓoye a jikinta, ba ya fitowa fili sai ya haɗu ta ɓangaren namiji da na mace a ƙwaya ɗaya. In ka shuka zangarniyar irin wannan uwa ita kaɗai, kusan ɗaya cikin huɗu na 'ya'yanta za su fito farare. Wani malamin coci mai suna Gregor Mendel ne ya fara ƙirga wannan lissafi a kan wani ɗan waken Turai, ya buga sakamakonsa a 1866. Haka abin yake a mutane, kuma ina so ku riƙe wannan da kyau: zabiya ɗan'uwanku ne da ya gaji abu ɗaya daga uwa da uba, babu laifin uwarsa, babu hannun aljani, kuma abin da yake buƙata inuwa ce da kariyar fata da mutunci. Sannan ku kula, in bedin gaba ɗaya ne ya koɗe, wannan ba gado ba ne. A duba sanyi, ko ƙasar, ko maganin ciyawar da aka fesa.

Shi kuwa furen da yaron ya gani a waya, gaskiya ne akwai shi. Turawa na kiran danginsa okid, wannan reshe kuma masana suka sa masa Paphiopedilum. Leɓensa na ƙasa ya kumbura ya yi aljihu tamkar gaban takalmi sau-ciki. Aljihun tarko ne. Ƙwaro zai zame ya faɗa, ba shi da mafita sai wata 'yar kafa ta baya, inda dole ya goga jikinsa da garin furen, ya tashi ya kai wa wani. Asalinsa dazuzzukan Asiya ne, daga Indiya da kudancin Sin zuwa Biyetnam da tsibirin Borneo. Yawancinsu suna da ratsin ja da ruwan goro da shunayya. Jefi-jefi a sami wanda ya rasa waɗannan launuka, furensa ya fito fari da ratsin kore, ko fari da rawaya. Shi ake kira zabiya. Bambancinsa da shinkafar ɗan ƙanwata shi ne launin fure kawai ya rasa, ganyensa kore ne, murhunsa na ci, don haka yana rayuwa.

A shekarar 1900 gidan renon furanni na Charlesworth a Ingila ya fitar da wani da aka samu daga auren zabiya biyu na jinsi daban-daban, aka sa masa Maudiae. Yau shekara fiye da 120 ke nan ana renonsa da wannan suna. Abin da ya fi burge ni a lamarin mutanen nan shi ne yadda suke riƙe suna. Akwai littafin rajista guda ɗaya tak na duniya, wanda iyalin Sander suka fara, kuma tun 1961 yake hannun ƙungiyar masu lambu ta Ingila, wato RHS. Duk auren da aka haɗa, sai an rubuta uwa, an rubuta uba, an rubuta wanda ya kawo shi da shekarar. Sunayen da ke ciki sun haura dubu ɗari. Sunan auren ma bai ishe su ba, domin 'ya'yan ciki ɗaya ba sa zama ɗaya. In shuka guda ta fita daban a cikin 'yan'uwanta, sai a ƙara mata nata sunan, kamar Maudiae 'Magnificum'. Daga nan babu mai ɗaukar wannan suna sai ɓangaren da aka raba daga jikinta. Wanda aka shuka daga ƙwayarta ba ya gadon sunan. Kun san wannan a mangwaro: in kana son ainihin bishiyar da ka ɗanɗana, reshenta kake yankowa ka yi aure.

Ga kuma jira. Irin okid kamar ƙura yake, babu guzuri a cikinsa ko kaɗan, a daji ba ya tsirowa sai ya haɗu da wani nau'in fumfuna da zai ciyar da shi. Sai a 1922 wani masani a Amurka, Lewis Knudson, ya nuna yadda za a tsirar da shi cikin kwalba a kan abinci mai sukari. Daga kwalba zuwa furen farko, shekara uku ne, huɗu, biyar, wani lokaci fiye. Bayan duk wannan, mutum zai iya haɗa zabiya da zabiya, ya yi ta ban ruwa shekaru, ranar da furen ya buɗe ya gan shi da ja. Dalili shi ne abin da ya hana uwar launi daban, abin da ya hana uban daban, sai kowanne ya cike giɓin ɗan'uwansa a jikin ɗan. Saboda haka mai reno na ƙwarai ba ya yi wa mai saye alkawarin fari sai ya ga fure da idonsa.

Ba na ba kowa shawarar ya zuba kuɗinsa a wannan fure a nan. Shuka ce ta inuwa da laima, ba za ta ji daɗin iskar hunturu ba, balle zafin Afrilu da ke kai maki 40. Amma kada ku ɗauka ƙasar Hausa ba ta san okid ba. Wani likita ɗan Sikotland, J. M. Dalziel, ya buga littafin sunayen tsirran Hausa a 1916, kuma a ciki akwai manta-uwa, okid mai fure rawaya da ɗige-ɗige wanda ke maƙalewa a jikin bishiya, musamman dangin giginya. Ana ba yaro ne lokacin yaye. Masana suna ce masa Ansellia, daga sunan John Ansell, Baturen da ya tsinko shi a tafiyar binciken kogin Neja ta 1841. Su sunan mutum suka sa masa. Kakanninmu kuwa aikin da suke yi da shi suka duba.

Haka sunayen gonarmu suke, kowanne da labarinsa. Kaura da Farafara a dawa. Kanannado da Ɗan Ila a wake. 'Yar Dakar a gyaɗa tana gaya maka daga inda ta taso, Mai Bargo tana gaya maka kamarta. A shinkafa, wadda takarda ke kira FARO 44 mu Sipi muke ce mata, daga lambarta ta asali da ke farawa da SIPI, Wita kuma daga WITA 4, wato FARO 52. Cibiyar bincike ta Samaru, wadda tashar Kadawa ke ƙarƙashinta, tana liƙa wa nata irin SAM a gaba: SAMMAZ, SAMPEA, SAMNUT, SAMSORG. Sunayen suna da daɗi, ba ni da ja. Ciwon shi ne namu na baki ba su da mai gadi. Iri ɗaya sai ya yi suna uku tsakanin kasuwa da kasuwa, suna ɗaya kuma a liƙa shi a buhu biyar da ba su haɗa komai ba. Da zarar wani suna ya yi farin jini, duk shanshera ta koma shi.

Na ɗanɗana wannan. Wata damina na sayi iri a hannun wani dillali da sunan Jamila. Da ta fara fitar da kai sai gonar ta zama hawa uku: doguwa, matsakaiciya, gajera. Wata ta nuna tsuntsu na ci, wata ko madara ba ta yi ba. In na jira ta baya, ta gaba ta zube, in na yanke da wuri, rabi ɗanya ce. Da aka kai Kura, matar da ke turarawa ta damƙi hannu ɗaya ta murza, ta ce, "Malam, wannan gauraye ce, a inji karyewa za ta yi." Ta rage kuɗi, kuma da gaskiyarta. Taki na zuba daidai, ruwa bai yanke ba, leburori na biya. Sunan da ke bakin buhu ne kawai ya yi ƙarya, ya tafi da wahalar wata huɗu. Duk wanda ya sa wa iri suna ya ɗauki alkawari ga mutumin da bai taɓa gani ba, mutumin da zai ci bashi ya shuka saboda ya yarda da wannan suna.

To in Allah ya sa ka ga bare a gonarka, wata shuka da ta tsaya lokacin da sauran suka kwanta, ko ta riga su nuna, ko ƙwayarta ta fi tsawo, ko cuta ta ci na kewaye ta bar ta, me za ka yi?

Fara da zargin idonka. Sau da yawa gyauro ne na abin da aka noma bara, ko ƙwayar maƙwabci da ta maƙale a injin casa ko a tsohon buhu, ko kuwa gurbin da taki ya taru ne ya sa ta fi sauran. Duk da haka ɗaura mata tsumma mai launi, ka yanke ta ita kaɗai kafin masu yanka su shigo. Kowace zangarniya da ambulan ɗinta, kowane ambulan da lamba. In lokacin shuka ya zo, kowace lamba ta sami layinta, ka bar taku uku ko huɗu tsakaninsu da sauran gona, kuma ka dasa irin da ka saba a gefe don ka sami abin aunawa. Shinkafa ta yi mana sauƙi, domin furenta kansa yake yi wa barbara, da wuya na waje ya shiga. Haka alkama, haka wake. Masara ba haka take ba, iska ke ɗaukar garinta daga gona zuwa gona, sai an nisanta ta da ɗaruruwan taku. Tumatir ɗin gwangwani mai aure kuma, wanda ake rubuta wa F1, in ka matse irinsa ka shuka 'ya'yan warwatsewa za su yi, kowanne da kamarsa. Kada ka ga kyakkyawa ɗaya a cikinsu ka ce ka gano sabon abu.

Sai littafi. Na makaranta mai shafi arba'in ya isa. Ranar zuba bedi, ranar dashe, ranar fitar kai, ranar nuna, tsawo, kwano nawa layi ya ba da. Layin da ya fito hawa-hawa, ajiye shi gefe. Wanda ya fito kai ɗaya, sake shuka shi. A nan ne nake so ku ga ni'imar da kuke zaune a kai. Tun da aka gama madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka tsara shayar da kimanin hekta 22,000 a wannan yanki, manomin Bunkure yana iya ganin zuriya biyu ta shinkafa a shekara ɗaya, rani da damina. Abin da mai okid zai jira shekara goma sha biyar ya gani, wato kaka da ɗa da jika, kai za ka gan shi kafin shekara biyu ta cika. Kuma gwajin bai ƙare a gona ba. Kai wa iyayenmu mata masu turara su gwada, a kai inji a ga karyewarta, a dafa a ga ko tana yin tuwo ko dafa-duka, a bar ta ta kwana a ji. 'Yan mata, wannan fagen naku ne, hannunku yana gane abin da idon mai gona ba ya gani.

A Japan, a 1893, sanyi ya lalata shinkafa a yankin Yamagata. Wani matashin manomi, Abe Kameji, ya ga zangarniya uku tsaye sun nuna a cikin gonar da ta lalace. Ya karɓe su, ya yi shekara huɗu yana gwadawa, wasu shekarun bai sami abin kirki ba. Da irin ya tabbata, aka ba shi shawarar ya sa masa suna mai nufin sarki, ya ga abin ya yi girma, ya zaɓi Kame-no-o, wato wutsiyar kunkuru, domin farkon sunansa kunkuru yake nufi. Daga zuriyar zangarniyun nan uku aka sami Koshihikari, shinkafar da aka fi nomawa a Japan yau. Ku lura sai da irin ya nuna halinsa aka yi masa suna. Mu ma ai ba ranar haihuwa ake yanka rago ba, sai kwana bakwai.

Amma jinkirin suna daban, sakaci da shaida daban. A Indiya, a 1983, wani talakan manomi na jihar Maharashtra, Dadaji Khobragade, ya ware wasu zangarniyu da suka bambanta a gonarsa, ya yi shekaru yana tace su. Da irin ya shiga kasuwa ba shi da suna, sai aka liƙa masa HMT, sunan wani kamfanin agogon hannu da ake yayi. Irin ya bazu a jihohi, 'yan kasuwa suka yi arziki, sunan agogo ya tafi ya bar sunan mai wahala. An karrama shi daga baya, amma ya rasu a 2018 ba tare da dukiyar da irinsa ya tara wa wasu ba. Wannan labari yana sosa mini rai. Shi ya sa nake cewa ku rubuta, ku ɗauki hoto mai kwanan wata, ku kira malamin gona da dattawa biyu su gani a tsaye. In za ku kai samfuri Kadawa, ko Samaru, ko cibiyar noman ƙasashe masu ƙarancin ruwa ta Jami'ar Bayero, ku karɓi takardar shaidar karɓa, ku kuma bar rabi a gida. Najeriya tana da nata littafin rajistar a cibiyar NACGRAB da ke Ibadan, inda kwamitin ƙasa yake tantance iri da sunansa, kuma a 2021 an sa hannu a dokar kare haƙƙin mai fitar da sabon iri. Abin da za su tambaya shi ne abin da littafinka zai amsa: ya bambanta da waɗanda ake da su, yana fitowa kai ɗaya, kuma ba ya canzawa daga shuka zuwa shuka.

Kada kuma sabo ya sa ku zubar da tsoho. Wani waken gargajiya na Botswana, mai lamba B301, wanda ba wani kyan gani ne da shi ba, shi ya ba masanan cibiyar binciken noma ta IITA jinin da suka yi amfani da shi wajen fitar da waken da ke jure wuta-wuta. FARO 66 da FARO 67 da aka fitar a 2017 don jure ambaliya, juriyarsu ta samo asali ne daga wata tsohuwar shinkafar manoman gabashin Indiya. Irin da kakarka take ɗaurewa a tsumma ta rataye a ɗaki, tambaye ta sunansa da inda ta samo shi, ka rubuta, ka ware masa ko layi biyu ne duk shekara.

Kwaɗayi shi ne ya fi yi wa furen takalmin nan ɓarna. A 1999 aka bayyana wani sabon jinsi a Biyetnam, Paphiopedilum vietnamense. Cikin 'yan shekaru masu tonowa su sayar suka kusa share shi daga dajinsa, duk da yarjejeniyar CITES ta hana cinikin waɗanda aka ciro daga daji tsakanin ƙasashe. A Ingila ma ɗan'uwansa na can sai da ya rage tushe ɗaya tal a yankin Yorkshire, aka riƙa gadinsa. In ka ga baƙon tsiro a bakin rafi ko a jikin bishiya, ɗauki hotonsa ka bar shi a inda yake. In kuma irinka ne ya fara suna, mutane za su zo da kuɗi kafin ya kai, zuciya za ta ce ka ƙara da na wani buhun don ya auku. Tiya ɗaya ta gauraye ta isa ta mayar da gonar wani hawa uku, kamar yadda aka yi mini.

Ɗan ƙanwata ya yi kwana biyu ba ya son maganar bedin. Da shinkafar ta fara nuna sai ya sake zuwa, wannan karon hannunsa babu komai, ya ce in zo in gani. A ƙarshen fangalinsa, wajen da ruwa ke makara isa, ya ɗaura jan tsumma a zangarniya bakwai da suka riga sauran sunkuyawa da kusan mako guda. Na tambaye shi me aka noma a wurin bara, ya ce albasa. Na tambaye shi inda ya samo irin, ya buɗe littafi ya nuna mini. Ya sayi ambulan bakwai a shagon bakin tasha, ya rubuta musu 1 zuwa 7, ya kuma roƙi mahaifiyarsa ta ba shi tsohuwar gwangwanin madara mai murfi saboda ɓera. Da ruwan damina ya zauna zai zuba su, kowace lamba a layinta.